Canza ƙofar shagon kwantena: Abin da ya kamata a sani kafin a kira mai walda

A unguwannin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano, daga kasuwar waya ta Farm Centre zuwa gefen titunan Court Road da Zoo Road, shagon kwantena ya zama rumfar 'yan kasuwa da dama, wasu ma'aikatu kuma suna amfani da shi a matsayin ofishin wucin gadi. Ƙofa ce tsaron irin wannan shago, kuma ita ce ta fi saurin gajiya. Sai dai canza ta ya bambanta da canza ƙofar ɗakin bulo, domin a nan ƙofar ɓangare ce ta ƙarfen da ke riƙe da shagon.

Kwantena iri biyu ne

Na farko shi ne na jirgin ruwa, wanda ɗan kasuwar Amurka Malcom McLean ya fara jigilar kaya da irinsa a 1956. Mai ƙafa 20 yana da tsawon kimanin mita 6, faɗin mita 2.44 da tsayin mita 2.59, nauyinsa kuma ya haura tan 2 ko babu kaya. Ƙofarsa ƙyaure biyu ce, da sandunan kullewa da roba a gefe, kuma na dama ake fara buɗewa. Ginshiƙai huɗu na kusurwa ne ke ɗaukar nauyinsa, amma bangonsa mai tudu da kwari shi ke hana shi lanƙwasa.

Na biyu shi ne wanda masu walda ke ƙerawa a gida da falankin ƙarfe. Wannan ba shi da tsayayyen awo, don haka da wuya ƙofar da aka saya a shirye ta zauna masa. Sai an auna, an ƙera masa tasa.

A duba mazauni tukuna

Sau da yawa ƙofar da ta ƙi rufuwa lafiyarta ƙalau, mazaunin kwantenan ne ya karkace. Idan damina ta jiƙa ƙasa, kusurwa ɗaya kan nutse, sai bakin ƙofar ya murɗe. Ana gane haka da auna bakin daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, sannan a auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, a ɗaga kusurwar da jak, a sa mata dutse ko dakalin siminti, a sake gwada ƙofar. Wanda ya sa sabuwar ƙofa a murɗaɗɗen baki zai sake biyan kuɗin aiki kafin wata damina.

Idan ƙura ce ta harmatan ta daskarar da hinji da sanduna, wankewa da sa man giris sun wadatar. Canji yana zama dole ne idan tsatsa ta huda ƙasan ƙyauren, ko hinjin ya tsage daga jiki, ko ɓarayi sun lanƙwasa ƙofar.

Wace ƙofa za a zaɓa?

Ƙofar asali ta fi ƙarfi da hana ruwa, amma tana da nauyi, tana kuma cin filin gaban shago. Ƙofa mai naɗewa sama ta dace da mai son baje kaya a layi mai cunkoso, sai dai ƙura tana cika hanyarta, kuma ba ta kai ƙyauren ƙarfe jure duka ba. Ƙaramar ƙofar ƙarfe ta mutum ɗaya ita ta dace da ofis. Ƙofar gilashi da alminiyom kuwa ta ado ce da riƙe sanyin na'ura, dole a sa mata ta ƙarfe daga waje.

Yadda aikin ke tafiya

Idan za a yanka sabon baki a jikin bango, a fara haɗa firam na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, a zana awonsa a bangon, sannan a yanka. Kada a taɓa ginshiƙan kusurwa ko ƙarfen da ya ratsa sama da ƙasa. Baki mai faɗi yana buƙatar ƙarin ƙarfe a samansa, in ba haka ba rufin zai sauko ya danne ƙofar. A fara ɗiga walda nan da can, a rataya ƙofar, a gwada buɗewa da rufewa, sannan a kammala. A bar 'yar tazara tsakanin ƙyaure da firam, domin ƙarfe yana buɗewa a zafin watan Afrilu. Daga ƙarshe a goge wurin waldar, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a kafa ɗan ƙarfe a saman ƙofar don kautar da ruwan sama. Kwado kuma a yi masa akwatin ƙarfe da zai ɓoye shi daga almakashin ɓarayi.

Hattara da gobara

Tartsatsin walda yana kama katakon daɓe da silin da soson da ake liƙawa a bango don rage zafi. Kafin aiki a kashe wuta, a fitar da kaya, musamman baturan waya da fetur ɗin janareta, a ajiye tukunyar kashe gobara a kusa, a kuma sanar da maƙwabta. Bayan an gama, a dakata a tabbatar babu abin da ke ci a ɓoye kafin a kulle.

Haka kuma, ƙofar asali ta kwantenan jirgi daga waje kawai ake buɗe ta. Duk wanda mutum zai zauna ko ya kwana a ciki, wajibi ne a sa masa ƙofar da ke buɗuwa daga ciki ba tare da neman makulli ba.

Ɗan haya ya nemi yardar mai shago a rubuce, a kuma fayyace wanda zai biya. Idan canjin zai sa ƙofar ta buɗe cikin titi ko layin kasuwa, a tuntuɓi shugabannin kasuwar da hukumar tsara birane ta KNUPDA kafin a yanka ƙarfe.