Rijiyoyin Salaga: Labarin Bishara a Hanyar Gwanja da Addu'ar Kowace Rana

Ina roƙonka ka ba ni hankalinka kaɗan. Yau labarin garuruwa uku zan ba ka, watau Salaga da Yendi da Bawku, da yadda bisharar Yesu Almasihu ta shiga cikinsu. Ni ba mai zurfin ilmi ba ne. Karatuna bai wuce firamare ta mishan ba, aikina kuwa koya wa masu neman baftisma. Amma da na bi labarin nan daki-daki, sai na ga ya taɓa wani ciwo da ke damun yawancinmu masu bi, watau sanyin addu'a.

Kakanninmu sun san Salaga tun ba a yi mota ba. Fatake su kan tashi daga Kano ko Katsina da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su biyo ta Sansanin Mango da Yendi, kana su sauka Salaga a ƙasar Gwanja. Can su ke sayen goron da a ke kawowa daga kurmin Asante. Tafiyar watanni ce, zango-zango a ke yinta, madugu kuwa ba ya sauke ayari inda ba ruwa. Salaga ita kanta gari ne mai wuyar ruwa da rani. Shi ya sa mutanenta suka haƙa rijiyoyi ko'ina, har a ke mata kirari da garin rijiya dubu. Riƙe maganar rijiyan nan, za mu komo kanta.

Ba goro kaɗai a ke ciniki a Salaga ba, har da 'yan Adam. Sunayen Hausa da suka rage a garin su ne shaida. Akwai Wankan Bayi, inda a ke wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Akwai Rafin Angulu, inda a ke yar da gawar wanda ya mutu a cikinsu. Kada mu ɓoye gaskiya, da hannun mutanenmu a cikin wannan ciniki.

A shekara ta 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, ikon Asante ya kau daga Salaga, hanyar kudu ta buɗe. Bayan shekara uku, watau 1877, wani fasto baƙar fata mutumin Akropong, sunansa Theophilus Opoku, na Mishan ɗin Basel, ya yi tattaki har Salaga. Ya ga bayi a kasuwa, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya koma kudu. A 1884 ɗan garinsu David Asante shi ma ya zo. Ba a kafa ekklesiya ba. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarauta, Salaga ta watse, fatake suka kwashe zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. A shekaran nan David Asante ya rasu. Opoku kuwa ya rasu a 1913. Dukansu biyu ba wanda ya ga ɗakin sujada a Salaga. Sai wajen 1950 wani fasto mutumin Suwizalan, Otto Rytz, ya zo ya zauna a garin da sunan Ekklesiyar Presbyterian, ya koyi harshen Gwanja, ya shiga aiki. Ƙidaya ka gani: tsakanin zuwan Opoku da zaman Rytz an yi fiye da shekara 70.

To, kai fa? Kwana nawa ka ke jira? Ni kaina da laifin nan. Na taɓa ɗaukar wani ƙanena cikin addu'a, domin ya bar hanyar da ya kama. Na yi wata uku, ban ga sauyi ba, sai na ajiye. Da na karanta labarin Salaga kunya ta kama ni. Cikin Luka sura 18 Ubangiji ya ba da misalin gwauruwa wadda ta dinga zuwa wurin azzalumin alƙali, har ya gaji ya biya mata hakkinta. Ya ba da misalin domin kada mu karai. In naci ya motsa alƙalin da ba ya tsoron Allah, balle Uba mai jinƙai? Jinkiri ba ƙi ba ne. Sau da yawa mai shuka ba shi ne mai girbi ba, amma hatsin ya kan shiga rumbu.

Yanzu mu taka zuwa Yendi, garin Ya-Na, sarkin Dagwamba. A zamanin da mu ke magana Yendi tana hannun Jamus. A 1913 Mishan ɗin Basel ya aiko da mutanensa, cikinsu har da Otto Schimming da Hans Huppenbauer. Suka yi gini, suka shiga koyon harshen Dagwamba, suka buɗe 'yar makaranta. Ba su daɗe ba sai babban yaƙin duniya ya ɓarke a 1914. Ingila ta karɓe ƙasar, a 1916 aka kwashe su daga Yendi. Aikin shekara uku ke nan ya tsaya cik. Aka yi shekara 15 kafin wani mai bishara ya sake zama a garin. A 1931 Lloyd Shirer da matarsa Margaret, mutanen Amurka na Ekklesiyar Assemblies of God, suka gangaro daga ƙasar Moshi suka sauka Yendi. Daga baya Beulah Buchwalter da Guy Hickok suka tarar da su. Su biyun nan a ƙasan nan suka rasu. Daga wannan ƙaramin mafari a Yendi ekklesiyar ta bazu, har ta kai Accra da Kumasi da kowane lungu na Ghana.

Abin da Yendi ta koya mini shi ne: mishan ya kan tashi, malami ya kan mutu, ko a yi masa canjin gari. In zumuntarka da Allah ta rataya ga bakin malami, ran da ya tafi ƙishi zai kashe ka. Akwai masu bi da yawa da ba su da addu'a sai ta ran Lahadi, wadda wani ya yi, su kuwa su ce amin. Irinsu kamar mai shan ruwa a rijiyar maƙwabci ne. Muddin ƙofa tana buɗe, lafiya lau. Hausawa kuwa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Tuna da Daniyel. An kai shi bauta Babila, ba haikali, ba firist, ba hadaya. Duk da haka sau uku a yini ya kan durƙusa a ɗakinsa, har ran da aka kafa doka a kan addu'a bai fasa ba. Rijiyarsa tana cikin gidansa, sarki bai iya toshe ta ba.

Zangonmu na uku shi ne Bawku, can kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, garin albasa da dabbobi da goro, inda Hausa ta ke harshen ciniki. Assemblies of God suka kafa aiki a can a 1937. A 1956 Ekklesiyar Presbyterian ta karɓi riƙon asibitin garin, inda a ke duba kowa ba a tambayar addininsa ko ƙabilarsa. Amma Bawku ta sha wuya. Tun wajen ƙarshen shekarun 1950 a ke jayayya a kan sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi. An zub da jini ba sau ɗaya ba, an kuma sha kafa dokar hana fita da dare. Ni ban zo in raba gardaman nan ba. Abin da ni ke so ka duba shi ne, in doka ta hana fita, taron addu'ar dare ba ya yiwuwa. Kowa yana bayan ƙofarsa da iyalinsa. A daren nan a ke sanin wanda ya haƙa rijiya da wanda bai haƙa ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Cikin Matta sura 6 Yesu ya koya mana mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa, mu yi magana da Uba a ɓoye. Wanda ya saba da haka tun ana zaman lafiya, rufaffiyar ƙofa ba ta ba shi tsoro. Cikin sura 5 kuma ya umarce mu da abin da ya fi wuya, watau mu yi wa maƙiyanmu addu'a. Bakin da ya ambaci sunan mutum a gaban Allah da asuba, da wuya ya zuga a ƙone rumfarsa da rana.

Watakila ka ce, "Malam, na ji, amma ta ina zan fara?" Ga abin da ni ke koya wa masu neman baftisma.

Da fari, yanke lokaci. Maƙwabtanmu Musulmi su kan tashi da kiran ladan, ko da sanyin hunturu ne. Wannan abin lura ne gare mu. Markus sura 1 ta gaya mana Yesu da kansa ya kan fita tun da sauran duhu, ya nemi wurin da ba kowa domin addu'a. In shi ya bukaci haka, kai wane ne? Kafin ka kwance kaya, kafin uwargida ta hura wuta, ba Allah minti goma.

Na biyu, bari shi ya fara magana. An buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, shekara ɗaya bayan saukar su Shirer a Yendi. Abin da Opoku bai samu ya miƙa wa fataken Salaga ba, ga shi a hannunka. Karanta aya biyar ko goma, a hankali. In ba ka iya karatu ba, sa yaronka ya karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Na uku, ka amsa masa da harshen da ka ke magana da mahaifinka. Yi godiya tukuna, ka faɗi laifinka da sunansa, ka roƙa wa waɗansu, kana ka kawo bukatarka. Addu'a ba laya ba ce, ba kuma ciniki ba ce da za a ce yawan kalmomi shi ne kuɗinta. Yesu ya riga ya biya da jininsa, ƙofa a buɗe ta ke.

Na huɗu, tafi da shi kasuwa. Sa'ad da ciniki ya yi sanyi, ko mai bashi ya ɓata maka rai, ɗaga zuciyarka gare shi, ko da kalma uku ce. Zumunta da Allah a mudu a ke ganinta. Wanda ya yi zance da Ubangiji da safe ba ya tauye awo da hantsi.

Na biyar, da dare tara iyalinka. Ba ɗan kasuwar kirki da zai kwanta bai yi lissafin cinikin ranar ba. Haka kai ma, yi lissafin yininka a gaban Allah, ka nemi gafara, ka yafe wa wanda ya cuce ka, ka kwanta.

Akwai ranakun da za ka durƙusa ka ji zuciyarka a bushe kamar fako. Kada ka tashi ka ce ba ruwa. Masu haƙan rijiyoyin Salaga sun sha dukan dutse kafin su ga danshi. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya. Ni ma na koma ga addu'ar ƙanena, har yanzu ina kai, ba kuwa zan ajiye ba.

In ka yarda, sunkuyar da kanka mu yi addu'a tare. Ya Uba, kai da ka tuna da Salaga bayan shekaru masu yawa, ka tuna da mu. Ka ba Bawku da Yendi da dukan zangunanmu zaman lafiya. Ka koya mana mu neme ka kowace safiya, mu yi tafiya tare da kai har zango na ƙarshe. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.