Tarihin Fatsar Kifin Walleye a Kogunan Amurka ta Arewa

A cikin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada akwai wani kifi wanda Turawan can ke kira walleye, watau mai farin ido, gama idonsa yakan yi kamar mai hakiya. Mutanen Ojibwe, waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar, suna ce da shi ogaa. Idon nan kuwa lafiyarsa lau. A bayansa akwai wata fata mai mai da haske, irin wadda ke sa idon kyanwa ƙyalli da dare, ita ke ba shi ikon farauta cikin duhu da ruwa mai laka. Saboda haka ba ya son rana, can ƙasan ruwa yake zama.

Sa'ad da ƙanƙara ta narke, cikin Maris da Afrilu, zafin ruwa ya kai kamar digiri 6 zuwa 10 a ma'aunin Salsiyos, sai kifin ya bar tafki ya hau koguna garke garke, ya zuba ƙwai bisa tsakuwa. A lokacin nan kogi cike yake, ruwa na gudu da ƙarfi, kifin kuwa sanyi ya kashe masa jiki, ba ya bin koto da nisa. Matsalar masunci ke nan: yadda zai kai ƙugiya ƙasan ruwa, ya riƙe ta a gaban bakin kifi, ruwa bai kwashe ta ba, duwatsu ba su riƙe ta ba. Duk dabarun da za a ambata amsar wannan matsala ce guda.

Ojibwe na dā ba su wahalar da kansu da ƙugiya a wannan lokaci ba. Da dare suke shiga kwalekwale da jiniya ta ɓawon itace, idon kifin ya yi ƙyalli a ruwa marar zurfi, su soke shi da mashi. Daga nan Faransawa suka sa wa wani tafki na jihar Wisconsin suna Lac du Flambeau, watau tafkin jiniya. A 1983 kotun tarayya ta tabbatar cewa yarjejeniyoyin 1837 da 1842 sun bar musu wannan haƙƙi har a wajen ƙasar da aka keɓe musu.

Masu fatsa kuwa dalma suka dogara gare ta. A kogin Wolf, cikin Wisconsin ɗin dai, aka san wani ɗauri da ya ɗauki sunan kogin. Ɗan ƙarfe ne mai kunne uku: kunne guda na zaren sanda, guda na gajeren zare mai dalma, na ukun na dogon zare mai ƙugiya da ƙaramin kifi mai rai. Dalma ta zauna ƙasa, koto na lilo a bisanta kaɗan. In dalma ta maƙale, ita kaɗai ake asara.

Abin da aka yi a kogin Detroit ya fi ban sha'awa. Kogin nan mai zurfi ne da ƙarfin gudu, har masuntansa suka yar da sanda ɗungum. Waya suke riƙewa da hannu, da dalma mai nauyin kamar rabin kilo, da zarurruka biyu ko uku masu tsawo dabam dabam, jirgi na tafiya sannu sannu yana fuskantar ruwa. Da yake waya takan harɗe in an tara ta cikin jirgi, sai suka ciro injin garmaho mai wani, suka mai da shi abin naɗe ta. Ba abin mamaki ba ne a garin da ma'aikatan ƙera mota suka cika.

Koton yaudara, wanda ba mai rai ba, ya sami babban ci gaba daga wata ƙasa dabam. A 1936 wani masunci ɗan Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa ɗan kifi da totuwar kwalba, ya naɗe shi da takardar gwangwani ta cakulan, ya sa shi yana tangaɗi kamar mai rauni. Bayan mujallar Life ta ba da labarinsa a 1962 Amurkawa suka yi ta rububinsa, ya kuwa dace da ɗaurin Wolf da wayar Detroit duka. A 1968 Al Lindner da ɗan'uwansa Ron, a garin Brainerd na Minnesota, suka fito da ɗaurin Lindy, wanda zare ke zarcewa ta cikin dalma don kada kifi ya ji nauyi ya tofar. Sunansa ya fi na sauran tafiya, amma a gaskiya tafki ya fi yi wa amfani, ba kogi mai gudu ba.

A kogin Maumee na jihar Ohio doka ce ta zaɓar wa mutane koto. A 1970 aka sami gubar zaiba a kifin tafkin Erie, aka hana 'yan kasuwa kama walleye a ruwan Ohio. Kifin ya sake yawa, dubban masu fatsa suka riƙa tsayawa cikin kogin kafaɗa da kafaɗa. Amma inda kifi ya cunkushe haka, ƙugiya takan kama shi a baya ko a wutsiya, ko da gangan ko ba da gangan ba. Hukuma ta hana ƙugiya mai baki uku cikin Maris da Afrilu, ta kuma ce kifin da ba a baki aka kama shi ba a mai da shi ruwa. Da fari ƙugiya mai kan dalma da wutsiyar roba ake jefawa, ita kuwa jan ƙasa take yi, tana yawan sarƙafe jikin kifi. Daga baya masunta suka raba nauyi da ƙugiya: dalma a gaba, sa'an nan zare kamu biyu ko uku, sa'an nan ƙugiya mai kan soso wadda ke tasowa daga ƙasa kaɗan. In ruwa ya ƙaru a ƙara dalma, in ya janye a rage ta a tsawaita zaren. Wannan ɗauri shi ne mafi yawan masu fatsar Maumee ke amfani da shi a yau.