Filin jirgin Kano: mai ne ya kawo su, mai ne ya ɗauke su

Jama'a, duk sanda aka tayar da maganar filin jirgin Malam Aminu Kano sai ka ji ana cewa an yi mana ƙulli ne daga Legas da Abuja. Ban ce babu siyasa a ciki ba, amma mu waiwaya baya tukuna.

Jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartoum da Kano. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma, jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana nan suke ya da zango kafin su nufi Maiduguri, Khartoum, har Alƙahira.

Me ya sa Kano? Dalilin da ya kawo ayarin raƙuma kasuwar Kurmi, shi ne dai. Wanda zai ƙetare Sahara dole ya sami masauki a bakinta. Jiragen wancan zamani ba sa iya tafiya daga Turai zuwa Afirka ta Kudu ba su sha mai ba. KLM ya fara sauka a 1947 a kan hanyarsa ta Johannesburg. Har mai busa kakaki a kan raƙumi aka ajiye yana sanar da isowar jirgi, hotunansa suna nan ana yawo da su.

Da aka ƙera jirage masu dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta samanmu. Ba wanda ya kore su, buƙatarsu ce ta ƙare. KLM ya daure har 2012, sannan ya tattara nasa ya nasa. Nigeria Airways dama ya rushe tun 2003.

Mu 'yan cikin birni filin nan ya sa mu kuka ma. Ran 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Ran 4 ga Mayu 2002 jirgin EAS ya faɗo a Gwammaja, unguwar da gidan Malam Aminu yake, ya ci rai fiye da ɗari. Allah ya jiƙansu.

Yau abin da ke riƙe da filin shi ne Hajji da Umara, da zirga-zirgar Abuja da Legas, sai 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari masu bi ta Alƙahira ko Addis Ababa zuwa saro kaya. Damagaram da Maraɗi kuwa, ga su nan kusa, amma sai mota. Ni a ganina nan ya kamata mu matsa wa wakilanmu: jiragen kaya, da ƙananan jirage masu haɗa mu da maƙwabta. Kamfanin jirgi lissafin kujera da kilo yake yi, kuma Kwari da Dawanau suna da abin da za su ɗora masa.