Su wane ne tsiraru? Kalmar da dokar duniya ta bari ba fassara

A shekarar 1977, Francesco Capotorti, masanin shari'a ɗan Italiya, ya miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya rahotonsa a kan sashe na 27 na yarjejeniyar 'yancin ɗan Adam da siyasa ta 1966. Sashen ya yi alkawarin kare harshe da addini da al'adun tsiraru, amma bai faɗi ko su wane ne ba. Capotorti ya siffanta su da cewa 'yan ƙasa ne da ba su kai sauran jama'a yawa ba, ba su riƙe da ragamar iko, suna da asali ko harshe ko addini na daban, kuma suna son riƙe abinsu. Wannan ma'ana ba ta taɓa zama doka ba. Ko sanarwar Majalisar ta 1992 haƙƙoƙi ta jera, ta yi shiru a kan masu su.

Rigar a Turai aka ɗinka ta. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an sa sababbin ƙasashe irin su Poland sa hannu a kan kare tsirarunsu, bisa tunanin cewa kowace ƙasa tana da al'umma guda mai rinjaye, saura kuma suna gefe. Afirka kuwa ba haka Turawan mulkin mallaka suka bar ta ba. Tanzaniya tana da ƙabilu fiye da 120, babu wadda ta kai rabin jama'a. Bahaushe yana cikin masu rinjaye a Maraɗi, ɗan'uwansa a zangon Kumasi kuma ɗan tsiraru ne. A Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, marasa yawan ne ma ke danne masu yawa.

Nijeriya ta ɗanɗana matsalar tun kafin 'yanci. Kwamitin Willink na 1957 ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu a jihohi uku, ya ƙi ba da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Fargabar ba ta kwanta ba; a 1967 Gowon ya raba ƙasar jihohi 12.

Shugabannin Afirka, waɗanda suka amince a Alƙahira a 1964 cewa ba za a taɓa iyakokin da aka gada ba, suna jin ƙanshin ɓallewa a kalmar tsiraru. Saboda haka yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ba ta ambace ta ba; "al'ummomi" ta ce, ita ma ba fassara. Wannan shirun ya yi rana. A 2010 aka tabbatar da hukuncin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka cewa Endorois, makiyayan da gwamnatin Kenya ta tasa daga bakin tafkin Bogoriya a shekarun 1970 don keɓe gandun namun daji, al'umma ce mai haƙƙi a kan ƙasar kakanninta. Hukumar ta duba alaƙarsu da ƙasar da yadda suke kallon kansu, ba ta ƙidaya kawunansu ba.