Komawar Birnin Munik Kan Windows: Shin Buɗaɗɗiyar Manhaja ce ta Gaza ko Tsarin Shugabanci?

Tsakure

Duk lokacin da aka kawo shawarar wata ma'aikata ta bar manhajojin Microsoft ta koma kan buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da ikon duba tushenta ya gyara, sai an sami mai cewa ai Munik ta gwada ta dawo. Wannan maƙala ta kwatanta abin da ya faru a wannan birni na Jamus daga 2003 zuwa 2017 da abin da rundunar jandarmomin Faransa ta yi a kusan lokaci guda. Ta gano cewa rabuwar ragamar kula da kwamfutoci, tare da riƙe tsari biyu a gida ɗaya, su ne suka fi bayyana bambancin sakamakon.

Gabatarwa

A 2003 majalisar birnin Munik ta yanke shawarar sauya uwar manhajar kwamfutocinta daga Windows NT 4, wadda Microsoft ke shirin daina kula da ita, zuwa Linux. Tun kafin a kaɗa ƙuri'ar, lamarin ya girgiza kamfanin har shugabansa na lokacin, Steve Ballmer, ya taka ya je wurin magajin gari Christian Ude da tayin rangwame. Majalisa ba ta sauya ra'ayi ba. Aikin, wanda aka raɗa wa suna LiMux, ya ci shekara goma. A ƙarshen 2013 aka bayyana kammala shi da kwamfutoci kusan 15,000. A Nuwambar 2017 kuma majalisar ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows 10, aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin yuro miliyan 49. Tambayar da maƙalar ke son warwarewa ita ce: me wannan komawa take nunawa, me kuma ba ta nunawa?

Waiwayen Ra'ayoyi

Ra'ayi na farko shi ne na masu cewa manhajar ce ba ta isa aikin ofis ba, kuma ta fi tsada idan aka yi lissafi na gaskiya. Babban abin da suke kafa hujja da shi wani lissafi ne da kamfanin HP ya yi wa Microsoft, wanda labarinsa ya fito a farkon 2013, cewa LiMux ya ci kimanin yuro miliyan 60 alhali zama kan Windows miliyan 17 kawai zai ci. Hukumomin birnin sun musanta, suka ce su dai sun rage kashe fiye da miliyan 10. Lissafin da abokin hamayya ya biya aka yi masa, kuma ba a buɗe wa jama'a cikakkensa a lokacin da ake yayata shi ba, ba abin da mai bincike zai gina hukunci a kai ba ne.

Ra'ayi na biyu ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin na masoya buɗaɗɗiyar manhajar ne, kuma ya fi cutar da su fiye da yadda suke zato. Su cewa suke yi siyasa ce zalla. Dieter Reiter ya hau kujerar magajin gari a 2014 ba tare da ya ɓoye ƙaunarsa ga kayan Microsoft ba, sannan a 2016 kamfanin ya dawo da hedikwatarsa ta Jamus daga Unterschleißheim zuwa cikin Munik. Duka biyun sun faru. Sai dai jeruwar abubuwa biyu ba ta zama hujjar cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Mafi muni, wannan bayani yana share ƙorafin ma'aikata gaba ɗaya, kamar duk wanda takarda ta wargaje masa a allo ɗan koren kamfani ne. Ɗan siyasa ba ya iya rushe abin da ma'aikata ke jin daɗinsa cikin sauƙi haka. Sai da ya tarar da ɓaraka a ƙasa.

Akwai na uku, masu cewa kuskuren Munik shi ne gaggawar sauya uwar manhaja kafin a saba da ƙananan manhajoji. Tarihin aikin bai goyi bayansu ba: Munik ma ta fara ne da OpenOffice da Firefox da Thunderbird a kan Windows, kamar yadda jandarmomi suka yi.

Hanyar Bincike

An bi hanyar kwatance tsakanin hukumomi biyu, ta amfani da shawarwarin majalisar birni, da rahoton da kamfanin Accenture ya miƙa wa Munik a 2016, da bayanan da jami'an hukumomin suka yi a bainar jama'a.

Sakamako da Tattaunawa

Jandarmomin Faransa sun koma OpenOffice a 2005, suka ɗauki Firefox da Thunderbird a 2006, suka fara sauya uwar manhaja zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux, a 2008, har suka gina tasu mai suna GendBuntu. Ya zuwa 2024 tana kan kashi 97 cikin ɗari na kwamfutocinsu, waɗanda yawansu ya haura 100,000. Tushen manhajar ɗaya ne da na Munik, domin LiMux ma daga baya kan Ubuntu aka ɗora shi. Lokacin ɗaya ne, adadin kuma ya ninka na Munik sau da yawa. In da manhajar ce ba ta iya aiki, da a Faransa za ta fara durƙushewa.

Bambancin yana ga wanda ke riƙe da ragama. Runduna umarni ɗaya take bi daga sama zuwa ƙasa. Idan aka ce ga manhajar da za a rubuta rahoton bincike da ita, jandarman da ke ƙauye da wanda ke Paris duk ita za su buɗe. Wannan ya ba rundunar damar mayar da yawancin manhajojin aikinta su riƙa buɗewa ta burauza, kuma da zarar aiki ya koma burauza, ma'aikaci bai damu da abin da ke ƙarƙashin kwamfutarsa ba.

Munik kuwa ta shiga aikin kusan kowace ma'aikata tana da nata sashen kwamfuta, da nata tsari, da nata kasafin. Gyaran da aka yi a 2012, lokacin da aka kafa cibiyar it@M, bai haɗe ragamar ba: an raba aikin gida uku, masu tsara manufa daban, masu gudanarwa daban, sassan cikin ma'aikatu daban. Sakamakon haka, sabon fitowar LiMux kan daɗe kafin ya isa teburin ma'aikaci, sai ya zauna da tsohuwar manhaja yana fama, kuma abin da yake gani a allo shi yake ɗora wa laifi. Abin lura a nan shi ne rahoton Accenture kansa, duk da cewa kamfanin abokin hulɗar Microsoft ne na ƙut-da-ƙut har suna da kamfanin haɗin gwiwa mai suna Avanade, nauyinsa ya faɗa ne kan wannan rarrabuwar tsari. Shaidar da ta fito daga bakin wanda ake zaton zai ce akasin haka tana da ƙarfi na musamman.

Sai kuma manhajojin ayyuka na musamman. Birni yana rajistar mazauna, yana ba da lasisin mota da izinin gini, yana karɓar haraji, kuma da yawa daga manhajojin waɗannan ayyuka kamfanoni sun rubuta su ne don Windows kaɗai, saboda sauran biranen Jamus kanta suke. Munik ita kaɗai ba ta da nauyin da za ta tilasta musu sauyawa. Dole ta bar dubban kwamfutoci a kan Windows. Haka ta wayi gari tana kula da tsari biyu, tana horar da ma'aikata kan biyu, tana gwada kowane sabon abu sau biyu, ga shi kuwa taura biyu ba ta taunuwa. Ƙari a kan haka, takardun da ke shigowa daga gwamnatin jiha da ta tarayya da 'yan kwangila a tsarin Microsoft Office suke zuwa, alhali birnin ya zaɓi tsarin ODF. Duk jadawalin da ya karkace wajen buɗewa, LiMux ake zagi. A ganin wannan maƙala, abin da majalisa ta zaɓa a 2017 shi ne komawa tsari guda; Windows ta ci ne saboda ita ce ba a taɓa iya kora gaba ɗaya ba.

Batun sirrin bayanai bai yi tasiri a wannan ƙuri'a ba, kuma shi ne ya sauya lissafin daga baya. A 2018 wani binciken da ma'aikatar shari'a ta Holan ta sa aka yi ya nuna cewa Office na aika bayanan yadda ake amfani da shi iri dubbai zuwa ga kamfanin. A shekarar ce Amurka ta kafa dokar CLOUD, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da a wata ƙasa aka ajiye su. A 2020 kotun Tarayyar Turai ta rushe yarjejeniyar da ake tura bayanan mutane Amurka a ƙarƙashinta. A shekarar kuma sabuwar gamayyar jam'iyyun da suka karɓi mulkin Munik ta amince a fifita buɗaɗɗiyar manhaja duk inda ya yiwu. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus, wadda a 2024 ta yanke shawarar sauya kwamfutoci kimanin 30,000 zuwa buɗaɗɗiyar manhaja, ta ɗora aikin a hannun minista guda, Dirk Schrödter, ta kuma taɓa imel da wuri: a Oktoban 2025 ta gama kwashe akwatuna fiye da 40,000 daga Exchange da Outlook zuwa Open-Xchange da Thunderbird, duk da ƙorafin da ya taso daga ma'aikatan kotuna.

Iyakokin Bincike

Za a iya cewa misali biyu ba su isa kafa ƙa'ida ba, kuma runduna da birni sun bambanta ta fuskoki da yawa ban da shugabanci: ayyukan jandarma ba su kai na birni rassa ba, kuma soja ba ya kai ƙorafinsa gaban kansila. Haka ne. Alƙaluman kuɗi ma kowane ɓangare nasa yake kawowa, shi ya sa ba a jingina hukunci a kansu ba. Aikin Schleswig-Holstein kuma bai kai matakin da Munik ta yi tuntuɓe ba, domin sauya uwar manhaja da manhajojin ayyuka na musamman yana gaba, kuma bai riga ya fuskanci canjin gwamnati ba.