Matsayi, Asali da Lafiyar Jiki a Damagaram

Bambancin lafiya a Damagaram shi ne tazarar da ake samu tsakanin mutanen Zinder da karkararta wajen yawan cuta da tsawon rai, gwargwadon abin hannunsu, asalinsu da unguwar da suke zaune. Wani ɓangare na tazarar kowa na ganinsa: mai hali na cin abinci mai gina jiki, yana sayen magani. Ɗaya ɓangaren a cikin jiki yake aukuwa, ta hanyar damuwar da ba ta yankewa.

Idan mutum ya shiga fargaba, ƙwaƙwalwa na sa wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda su saki sinadaran adirenalin da kotizol. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, suga ya yawaita a jini. Na ɗan lokaci wannan kariya ce. Amma magidancin da ke kwana da tunanin cefane ya tashi da shi, shekara da shekaru, jikinsa ba ya samun komawa daidai. Daga nan ake samun hawan jini, ciwon suga da raunin garkuwar jiki, mai juna biyu kuma takan haifi bakwaini ko jariri maras nauyi. A 1992 Arline Geronimus ta kawo ra'ayin zaizayar jiki don bayyana abin da ke sa lafiyar mata baƙar fata a Amurka lalacewa tun da sauran ƙuruciyarsu. Shekara guda bayan haka Bruce McEwen da Eliot Stellar suka yi bayanin yadda wannan nauyi ke taruwa a jiki.

Launin fata kansa ba shi ne sanadi ba. A 1997 Richard Cooper da abokan aikinsa sun auna hawan jini a tsakanin mutanen da tushensu Afirka ta Yamma ne, suka samu kusan kashi 16 cikin 100 a Najeriya da Kamaru, 26 a tsibiran Karibiyan, 33 a Amurka. Kakanninsu kusan ɗaya ne. Abinci, ƙiba da irin zaman da suke yi ne suka bambanta.

A Damagaram asali ne ke raba mutane, ba launi ba. Daular Damagaram, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ta dogara da cinikin Sahara, haraji da bayi. A lokacin akwai sarakuna a unguwar Birni, fatake a unguwar Zango, malamai, talakawa manoma, masu sana'ar gado irin su maƙera da mahauta, sannan bayi a ƙasan kowa. Faransawa sun ci Zinder a 1899, ta zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da suka koma Yamai. Dokar Nijar ta 2003 ta sanya bauta cikin manyan laifuka, amma binciken asali kafin aure da gorin bauta ba su gushe ba, kuma wanda kakansa bai mallaki gona ba sau da yawa rashin gonar yake gada.

Unguwar Kara-Kara ta Zinder ce misali mafi ciwo. Can aka riƙa keɓe kutare da waɗanda gari ya juya wa baya. Kuturta ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta. Duk da haka tsangwamar ta bi 'ya'ya da jikoki lafiyayyu. Fim ɗin Zinder na Aicha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna matasan unguwar cikin rashin aiki, fasa dutse da safarar man fetur. Wanda ya tashi yana sane da cewa sunan unguwarsu kaɗai na iya hana shi aiki ko aure, jikinsa kullum cikin shirin kare kai yake, kuma irin wannan zama ne ainihin abin da masana ke nufi da zaizayar jiki.

Ruwa ma wani nauyin ne. Zinder na zaune bisa dutse, ruwanta daga nesa ake jawo shi, kuma gidan da ba shi da famfo ya fi biyan tsada a hannun 'yan ga-ruwa.

Yara ne ke ɗaukar rabo mafi muni. Bincike da dama na ƙasa sun nuna fiye da rabin yaran jihar Damagaram 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda tamowa. Wahalar tana tsananta da damina, lokacin da rumbu ya ƙare, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kankama. Yunwar da yaro ya sha tun yana ciki ko a goye tana ƙara masa haɗarin hawan jini da ciwon suga bayan ya girma. Matsalar abinci ta 2005 ta fi ƙamari a Maradi, Damagaram da Tawa, alhali akwai hatsi a kasuwa. Kuɗin sayensa ne talaka ba shi da shi. A Oktoban 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, sun mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar neman abinci a Aljeriya.

Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da kuɗin tiyatar haihuwa, kuma zuwa asibiti ya ƙaru sosai. Sai dai jinkirin biyan asibitocin kuɗinsu kan sa magani ya yanke, a rubuta wa uwa takarda ta je ta saya a waje. Wadda ba ta da kuɗin takan koma wajen mai tallar magani a kasuwa.