Taliya da Miyar Nama: Tarihinta daga Kano zuwa Abuja

Taliya abinci ce da ake yi da kwaɓaɓɓen garin alkama, a murza shi sirara kamar zare, a shanya ya bushe, sannan a dafa a tafasasshen ruwa. Akwai ra'ayi biyu game da asalin sunan, domin wasu na danganta shi da ƙasar Italiya, wasu kuma da kalmar Larabci iɗriyya, wadda masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya yi amfani da ita a littafinsa na 1154 lokacin da yake bayyana yadda ake sarrafa wannan abinci a Trabia, cikin tsibirin Sisili, ana kai shi ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ko wane ra'ayi aka ɗauka, hanyar da ta fi yiwuwa taliya ta bi ita ce ta Sahara, tare da fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus waɗanda suka zauna a unguwar Dandalin Turawa ta birnin Kano, kuma su ake dangantawa da yaɗuwar gurasa da alkaki.

Alkamar da ake buƙata ba daga waje take zuwa ba a wancan zamani, saboda manoman rani suna shuka ta a fadamu lokacin hunturu, sai dai ƙarancinta ya sa cimar alkama ta daɗe tana zaman abincin attajirai da sarakuna da ranakun buki. Da injin murza taliya na hannu ya shigo gidaje sai lamarin ya sauya, mata suka mayar da ita sana'ar cikin gida, suna kwaɓa fulawa da gishiri, su murza, su rataye a igiya ta sha iska. Wannan ita ce taliyar da ake kira 'yar murji ko taliyar Hausa, wadda ake ci da manja ko man gyaɗa da yaji, wani lokaci a haɗa da wake, kuma har yau masu sonta suna fifita laushinta a kan ta kamfani.

Taliyar leda ta bunƙasa ne bayan kafa manyan masana'antun fulawa, musamman Flour Mills of Nigeria da aka kafa a 1960, mai tambarin Golden Penny, daga baya kuma Dangote da Honeywell suka shiga kasuwar. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 da nufin ƙarfafa noman cikin gida a wurare irin su Kadawa, inda madatsar ruwa ta Tiga ke shayar da gonaki, amma noman bai wadatar da masana'antun ba, aka janye dokar a 1992.

A wannan tsakanin ne aka mayar da babban birnin tarayya daga Legas zuwa Abuja, ranar 12 ga Disamba 1991, a ƙasar da mazaunanta na asali, musamman Gbagyi, suka dogara da doya da dawa. Birnin ya tara ma'aikata daga kowane sashe na ƙasa, da yawansu suna kwana a Kubwa ko Nyanya ko Mararraba, suna dawowa gida da dare bayan cunkoson hanya, don haka abincin da ke nuna cikin kimanin minti 10 ya samu karɓuwar da tuwo, mai neman talge da tuƙi, ba zai samu ba a ranakun aiki.

Miyar naman da ake ci da taliyar ce ta fi nuna hannun mai girki. Ana sayo naman shanu, wanda a Abuja ake samu a karar Dei-Dei ko kwatar Karu, a niƙa shi ko a daddatsa ƙanana, a soya da albasa har ruwan jikinsa ya tsotse, sannan a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu a bar shi bisa wuta kaɗan har mai ya taso sama, wanda shi ne alamar tsamin tumatirin ya fita. Kayan ƙamshinta citta ce da tafarnuwa da masoro da kanumfari, wasu su ƙara kori, kuma gaggawar sauke ta kafin man ya taso ita ce kuskuren da ya fi ɓata ta. Idan aka zuba taliyar cikin miyar suka nuna tare, sunan abincin ya koma dafa-duka.

Akwai makamanciyar wannan miya a birnin Sinsinati na Amurka, inda Tom da John Kiradjieff, 'yan'uwa da suka yi ƙaura daga Makidoniya, suka fara sayar da miyar niƙaƙƙen nama mai kirfa da kanumfari a kan taliya a 1922, ana barbaɗa mata cuku da albasa da wake. Tasu dafa naman ake yi a ruwa ba tare da an soya ba, shi ya sa take fitowa tsararo, yajinta kuma bai kai na miyar gidajen Abuja ba.